Sharhi: Labarin "ƙarfen Ingila" da abin da masu ba da shi suke tsallakewa

Duk wanda ya taɓa zama da tsofaffin direbobi a tasha ya ji wannan maganar: "Ai motar da ita ce mota. Bedford ƙarfe ce, ba irin gwangwanin yanzu ba." Abin mamaki, in ka leƙa Ingila inda aka ƙera motar, kusan abin da za ka ji ke nan. Akwai littattafan hotuna birjik a kan Bedford da Leyland da AEC da Foden da Scammell. Akwai bidiyoyi a YouTube. Akwai tarukan da ake yi duk shekara, a fito da tsofaffin manyan motoci an wanke su an goge suna sheƙi. Kuma kusan dukkansu labari ɗaya suke bayarwa mai gaɓa uku: motocin Birtaniya sun fi na kowa ƙarko, su suka ɗauki nauyin Yaƙin Duniya na Biyu, sannan yajin aiki da katsalandan ɗin gwamnati suka kashe kamfanonin da ke ƙera su.

Wannan labarin nake so mu ɗora a sikeli. Dalili kuwa, bai tsaya a hira ba. Da shi ake kafa hujja idan ana muhawara kan me ke kashe masana'anta, da shi ne kuma wani zai yanke shawarar irin motar da zai zuba jarinsa a ciki. Ra'ayina shi ne labarin yana ƙirga motocin da suka tsira ya manta da waɗanda suka mutu, kuma ya kama mai laifi guda ya sallami sauran. Abin da hujjoji suka fi nunawa shi ne an ƙera motocin daidai da wasu hanyoyi da dokoki da kasuwanni, waɗannan abubuwa suka sauya, kamfanonin suka kasa sauyawa da wuri.

Abin da suka yi daidai

Kafin suka, a ba su haƙƙinsu. Masu sha'awar tsofaffin motoci sun adana abubuwan da jami'o'i ba su damu da su ba: lambobin shasi, takardun talla, littattafan gyara, hotunan masana'antu da aka riga aka rushe. Gidan tarihin motocin kasuwanci da ke garin Leyland a yankin Lancashire, wanda aka buɗe a 1983, ya tara motoci tun daga masu aiki da tururi. Ba don irin wannan himma ba, da mai bincike ba shi da abin dubawa.

Kuma girman masana'antar ba ƙarya ba ne. Leyland ta faro a 1896 da motocin tururi. Bedford ta fito a 1931 daga masana'antar Vauxhall da ke Luton, ta bazu har tallarta ta riƙa cewa ko'ina ka duba sai ka gan ta. Sai dai tun a nan akwai abin da ba a cika faɗa ba: kamfanin General Motors na Amurka ya sayi Vauxhall tun 1925, kuma injin silinda shida na Bedford ta farko daga ƙirar Chevrolet ya samo asali. Wato "ƙarfen Ingila" da ake yabo, tun ranar suna da jinin Amurka a jikinsa.

Gaɓa ta farko: ƙarko, ko kuwa tsira?

A 1943, wani masanin lissafi mai suna Abraham Wald ya yi aiki a kan jiragen yaƙin Amurka da ke dawowa da ramukan harsashi. Tambayar ita ce ina za a ƙara musu sulke. Wanda ya duba jiragen da suka dawo zai ce a ƙara inda ramuka suka fi yawa. Wald ya nuna cewa waɗannan jiragen sun sha harbi a wuraren amma sun dawo gida. Jiragen da aka harba a wuri mai haɗari, kamar inji, ba su dawo ba balle a ƙirga su. Wannan kuskuren, na yanke hukunci da waɗanda suka tsira kawai, shi ne ginshiƙin gaɓa ta farko.

Idan ka ga Bedford TJ, wadda aka fara ƙerawa a 1958, tana aiki a yau, abin da ka gani shi ne guda ɗaya da ta tsira. Ba ka ga 'yan'uwanta da tsatsa ta cinye ba, ko waɗanda aka yanka aka kai wa masu narka ƙarfe. Kafin a ce wata mota ta fi wata ƙarko, sai an san nawa aka ƙera, nawa suka kai shekara goma, kilomita nawa suka yi kafin a sauke inji, kwana nawa suke yi a gareji duk shekara. Littattafan hotuna ba sa kawo waɗannan alƙaluma. Hoton mota mai sheƙi suke kawowa.

Ga misali. Akwai motocin kashe gobara ƙirar Bedford RL masu launin kore da aka ƙera tsakanin 1953 da 1956, waɗanda sojojin Birtaniya suka fito da su lokacin yajin aikin 'yan kwana-kwana a 1977, da kuma 2002 zuwa 2003. Ana yawan cewa, "Ka ga mota mai shekara hamsin tana aiki!" Gaskiya ne. Amma an ƙera su ne don shirin ko-ta-kwana na yaƙin nukiliya, kuma yawancin rayuwarsu a ma'ajiya suka yi ta, ana duba su ana tayar da su lokaci zuwa lokaci. Motar da ke kwance a inuwa ba a gwada ta da wadda ke jigilar siminti kullum.

Abu na biyu, akwai bambanci tsakanin motar da ba ta lalacewa da motar da ke da sauƙin gyara. TJ tana cikin kashi na biyu. Injinta ba shi da sarƙaƙiya, shasinta dogayen ƙarafa biyu ne da aka haɗa kamar tsani, sifirin ɗinta na ganye ne wanda maƙeri zai iya ƙara masa ganye, babu kwamfuta a ko'ina. Bakanike mai sifana da guduma da injin walda zai iya tayar da ita a bakin hanya. Wannan babbar daraja ce, musamman inda gareji ke da nisa. Amma idan motar ta shekara hamsin an sauya mata inji sau uku, an sake giya, an ƙara wa shasi ƙarfe, an yi sabon bodi, to wa ya cancanci yabon? Za mu dawo kan wannan.

Land Rover ma haka. An fito da ita a 1948, aka yi bodinta da alminiyom saboda ƙarancin ƙarfe bayan yaƙi. Alminiyom ba ya yin jar tsatsa irin ta ƙarfe, shi ya sa tsohuwar Land Rover take kyan gani daga waje. Shasinta kuwa ƙarfe ne, yana ruɓewa kamar na kowace mota. Mai kallo bodi yake gani, bakanike ne ke shiga ƙarƙashi.

Gaɓa ta biyu: wa ya ɗauki kayan yaƙi?

Gudunmawar Birtaniya babba ce. Vauxhall kaɗai ta ƙera Bedford kusan 250,000 a lokacin yaƙin, ta kuma jagoranci ƙera tankokin yaƙi ƙirar Churchill 5,640. Bedford QL, mai jan ƙafa huɗu, wadda aka fara a 1941, an yi fiye da 50,000.

Amma labarin yakan tsallake abubuwa uku. Na ɗaya, lokacin da aka kwashe sojojin Birtaniya daga Dunkirk a Faransa a 1940, sun baro motoci kusan 64,000. Rundunar ta koma gida kusan hannu rabbana. Na biyu, wani babban kaso na motocin da suka cike giɓin daga Kanada suka zo. Kanada ta ƙera motocin soja fiye da 800,000 a lokacin yaƙin, akasari a masana'antun Ford da General Motors da Chrysler, da yawansu bisa ƙa'idojin da sojan Birtaniya ya gindaya, har da sitiyari a dama. Ga kuma na Amurka da aka kawo aro. Na uku, motocin gida ba duka suka yi abin kirki ba. A 1944, daidai lokacin da rundunar ƙawance ke fama da jigilar mai da abinci daga Normandy zuwa bakin daga, an gano motoci kimanin 1,400 ƙirar Austin K5 suna da matsalar fistin.

Bayan yaƙi ma akwai darasi. Soja ya sa aka ƙera masa Austin Champ a farkon shekarun 1950, da injin da Rolls-Royce ta tsara, da giya biyar gaba biyar baya. Ta yi tsada, ta yi wuyar kulawa, a ƙarshe Land Rover, wadda don manoma aka yi ta, ta maye gurbinta. A ɗaya gefen kuma, ƙaunar tsohon abu ta ci rayuka. Land Rover mai ɗan sulke da ake kira Snatch an tsara ta ne a farkon shekarun 1990 don sintiri a Ireland ta Arewa. Aka kai ta Iraƙi da Afghanistan, inda ake binne bam a gefen hanya, aƙalla sojoji 37 suka mutu a cikinta. Rahoton kwamitin Chilcot na 2016 ya soki ma'aikatar tsaro kan jinkirin samar da motar da ta fi ta kariya. Motar da ta dace da wani wuri tana iya zama makara a wani wurin. Wannan babin da wuya ka gan shi a littafin hotuna.

Gaɓa ta uku: yajin aiki da gwamnati

A nan ne labarin ya fi rauni, kuma a nan ya fi tasiri. Yajin aiki ya faru, ba musu. Kamfanin British Leyland, wanda aka kafa a 1968 kuma gwamnati ta karɓe shi a 1975 bayan rahoton Ryder, ya yi ƙaurin suna a kansa, musamman masana'antar ƙananan motoci ta Longbridge. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Amma a kimiyya, idan ka ce abu kaza ne ya jawo cuta, sai ka duba waɗanda abin bai taɓa ba. Su sun tsira? To mu duba. Foden da ERF kamfanoni ne masu zaman kansu a garin Sandbach, gwamnati ba ta taɓa mallakarsu ba. Foden ta durƙushe a 1980, PACCAR ta Amurka ta saye ta, aka yi mota ta ƙarshe da sunan a 2006. ERF ta faɗa hannun Western Star ta Kanada a 1996, sannan MAN ta Jamus a 2000, daga baya sunan ya ɓace. Bedford ta General Motors ce, amma a 1986 kamfanin ya sanar da daina ƙera manyan motoci a Dunstable. A shekarar dai Ford ta haɗe sashen manyan motocinta da Iveco ta Italiya. Na gwamnati da na 'yan kasuwa, na gida da na Amurkawa, duk hanya ɗaya suka bi.

Sai mu juya gwajin. Italiya ta sha yajin aiki mai tsanani, musamman a Fiat a 1969, amma Iveco da aka kafa a 1975 tana nan. Renault ta Faransa ta zama mallakar gwamnati a 1945, ita ce kuma ta haɗe Berliet da Saviem a 1978 ta ci gaba da ƙera manyan motoci. Abin da ya fi duka: masana'antar Leyland tana aiki har yau a ƙarƙashin PACCAR, wadda ta saye ta a 1998, ma'aikatan Lancashire suna ƙera DAF. Garin bai sauya ba, mutanen ba su sauya ba. Abin da ya sauya shi ne mai zana motar, da mai zuba jari, da girman kasuwar da ake ƙera wa.

Haƙiƙa, haɗewar kamfanoni ta faru a duk Turai. A Jamus ma Büssing ta shige cikin MAN, Hanomag da Henschel suka shige cikin Daimler-Benz. Tambayar da ta dace ita ce: me ya sa a cikin manyan kifayen da suka haɗiye ƙanana babu na Birtaniya ko ɗaya?

Hanya, doka da lissafin ƙarfin inji

Amsar tana farawa daga kan titi. Har zuwa 1957, doka a Birtaniya ta taƙaita gudun manyan motocin kaya a mil 20 cikin awa, wato kimanin kilomita 32. Nauyin da aka yarda da shi, mota da lodinta, bai wuce tan 24 ba har 1964. Ƙasar tsibiri ce, tafiye-tafiyen gajeru ne. A irin wannan yanayi injiniya mai hankali zai yi mota mara nauyi don lodi ya yi yawa, da inji mara shan mai, ba ruwansa da gudu ko wurin kwanan direba. Haka kuwa suka yi, kuma sun iya. Injin Gardner 6LXB, mai lita 10.45 da ƙarfin doki 180, yana mayar da kusan kashi 40 cikin ɗari na kuzarin man dizal zuwa aiki, abin da ba kowane inji na zamaninsa ke kaiwa ba.

Sai yanayin ya juya. An buɗe babbar hanyar M1 a 1959. A 1964 aka ɗaga nauyin tirela zuwa tan 32. A 1973 Birtaniya ta shiga Kasuwar Tarayyar Turai, motoci suka riƙa hawa jirgin ruwa suna wucewa Jamus da Italiya, wasu har Gabas ta Tsakiya.

Ga abin da wannan ke nufi a lissafi. Ƙarfin da mota ke buƙata don ta keta iska yana ƙaruwa ne da gudu sau gudu sau gudu. Idan ka ninka gudu sau uku, daga kilomita 32 zuwa 96, ƙarfin da iska kaɗai ke ci zai ninka sau 27. Hawan tudu kuma nauyi ne ke magana. A ce tirela mai tan 32 tana hawan tudun da ke tashi mita 4 a kowace mita 100. Idan muka haɗa jan nauyi da gogayyar taya, muka kuma cire kimanin kashi 15 da ke salwanta a giya da aksil, inji mai doki 180 zai hau da gudun kilomita 27 a awa, mai doki 240 kuma da kimanin 36. Ƙiyasi ne na kan takarda, amma ya isa ya nuna bambancin. Tara wannan a kan kowane tudu, kowace rana, shekara guda, za ka ga dalilin da mai mota zai sauya sheƙa.

Doka ma ta shigo. Daga Afrilun 1973 aka wajabta wa sababbin motocin dizal kimanin doki 6 ga kowane tan. Tan 32 sau 6 ya ba da 192. Kun ga ke nan doki 180 bai kai ba.

A wannan tsakanin ne Volvo ta Suwidin ta shigo kasuwar Birtaniya a 1967 da F86, sannan F88. Injinsu na da turbo, wato wata fanka da hayaƙin salansa ke juyawa tana cusa ƙarin iska a silinda, inji ya ƙona ƙarin mai ya ba da ƙarin ƙarfi ba tare da an ƙara girmansa ba. Giyarsu takwas ce mai sauƙin shiga. Kan motar na ƙarfe ne, da hita mai aiki, F88 kuma har da gadon kwana. Suwidin ƙasa ce mai nisan tafiya da sanyi da lodin katako mai nauyi, don haka abin da Birtaniya ta fara buƙata a 1970 su sun daɗe suna ƙera shi. Direban da ya kwana a kan katako a tsakanin kujeru biyu, ya ɗanɗana F88, ba ya son komawa. Masu motoci kuma suna sauraron direbobinsu.

Kuɗin da aka karkatar da injin da aka yi wa gaggawa

Leyland ce ke da girman da za ta iya mayar da martani. Ta haɗiye Albion a 1951, Scammell a 1955, AEC a 1962. A 1964 ta fito da kan mota mai kifawa gaba don a kai ga inji cikin sauƙi, wanda ya yi fice a lokacinsa. Amma bayan haɗewar 1968, ribar sashen manyan motoci ta riƙa tafiya wajen toshe asarar ƙananan motocin Austin da Morris. Wannan shawarar shugabanni ce, kuma ta riga karɓewar gwamnati da shekaru.

Sababbin injuna biyu na 1968 sun nuna sakamakon. V8 na AEC an fito da shi kafin ya nuna, aka janye shi ba da daɗewa ba. Sai injin Leyland 500. Dabararsa mai kyau ce a takarda: tunda gaskit da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa yakan ƙone, to a zuba su a ƙarfe guda, babu gaskit balle ya ƙone. Matsalar ita ce aikin bawul da a da ake yi ta sama, yanzu sai an sauke inji an shiga ta ƙasa. Ƙarfen kuma ya riƙa tsagewa. Kamfanin da sunansa ya ginu a kan sauƙin gyara ya sayar wa abokan cinikinsa abin da ba ya gyaruwa cikin sauƙi. Marathon ta 1973, wadda aka yi don ta kara da Volvo da Scania, tsohon kan mota aka ɗaga sama aka ɗora mata. Mota mai kyau ta zo a 1980, wato Roadtrain, har ta ci kyautar babbar motar shekara ta Turai a 1981. Sai dai ta iso daidai lokacin da tattalin arziki ya karye, cinikin manyan motoci ya faɗi warwas, fam kuma ya yi tsadar da ta hana sayarwa a waje.

Akwai kuma lissafin yawa. A ce, don misali kawai, ƙirƙiro sabon inji zai ci fam miliyan 100. Kamfanin da ke sayar da 10,000 a shekara, cikin shekara goma kowane inji zai ɗauki fam 1,000 na wannan kuɗin. Mai sayar da 50,000 kuwa fam 200 ne. Kowace sabuwar dokar hayaƙi ko ta ƙara tana tilasta sake kashe irin wannan kuɗi. Ƙaramin kamfani, komai ƙwarewarsa, ba ya jurewa.

Kasuwar da aka ɗauka gado ce

Volvo da Scania da DAF ta Holan kasuwarsu ta gida ƙarama ce, dole ta sa suka kafa dillalai da garejoji a duk Turai. Kamfanonin Birtaniya kuwa suna da tsofaffin ƙasashen mulkin mallaka, inda oda ke zuwa ba tare da wahala ba. A nan tarihin ya biyo ta ƙofar gidanmu. A 1959 wani reshen kamfanin UAC ya fara harhaɗa Bedford a Apapa, Leyland kuma ta buɗe masana'anta a Ibadan a ƙarshen shekarun 1970. An ci gaba da turo TJ ƙasashen waje kusan yadda take shekara da shekaru bayan ta tsufa a gida.

Amma mai saye a Kano ko Onitsha shi ma lissafi yake yi. Marsandi mai guntun hanci da muke kira 911 ta ƙwace manyan hanyoyi, motocin Japan irin su Kanta suka ƙwace ƙananan lodi. Sannan farashin man fetur ya faɗi, gwamnatin Shagari ta ƙaƙaba matakan tsuke bakin aljihu a 1982, shigo da kaya ya ragu ƙwarai. Durƙushewar kasuwannin waje, har da ta Najeriya, tana cikin dalilan rufe masana'antar Leyland da ke Bathgate a Scotland a 1986. A shekarar General Motors ta nemi sayen Leyland da Land Rover, 'yan siyasa suka yi ca a kan sayar da Land Rover ga Amurkawa, cinikin ya wargaje. A 1987 aka haɗe Leyland da DAF, aka kuma sayar da masana'antar Dunstable ga wani kamfani mai suna AWD, wanda ya durƙushe a 1992. Da sojan Birtaniya ya tashi sabunta motocin jigilarsa a 2005, MAN ya ba kwangilar.

Ford Transit ta nuna ɗaya hanyar. An fito da ita a 1965 a matsayin aikin haɗin gwiwa tsakanin Ford ta Birtaniya da ta Jamus, ana ƙera ta a Ingila da Beljiyam, tana aron kayan ƙananan motocin Ford, tana zuwa a siffofi iri-iri daga ɗaukar kaya zuwa bas. Tun farko don kasuwar da ta fi tsibiri girma aka tsara ta, shi ya sa sunan ya rayu, Bedford CF da ta yi gogayya da ita ta ɓace. Ko da yake ita ma tun 2013 aka rufe masana'antarta ta Southampton, aikin ya koma Turkiyya. A Maris 2025 kuma aka rufe masana'antar Luton, mahaifar Bedford.

Mutanen da babu su a hoton

Babban laifin wannan salon tarihi, a ganina, shi ne yana ƙarewa a ƙofar masana'anta. Masanin tarihi David Edgerton, a littafinsa The Shock of the Old na 2006, ya yi kira da a riƙa rubuta tarihin fasaha daga wajen masu amfani da ita da masu gyara ta, kada a tsaya ga masu ƙirƙira kawai. Bedford TJ hujja ce a kan haka. A Sudan ana ce mata Sifinja. Masanin ɗan'adam Kurt Beck ya yi bincike a garejojin bakin Nilu, Valerie Hänsch kuma ta yi fim a kansu a 2009. Sun nuna yadda kanikawa ke warware motar gaba ɗaya, su ƙarfafa shasi da sifirin, su sake gina ta don ta ɗauki lodin da ya zarce wanda injiniyoyin Ingila suka tsara, ta kuma keta yashin hamada. A Pakistan ma TJ ta yi doguwar rayuwa a hannun masu gina bodi da masu zane. Wannan aikin injiniya ne, ko da masu yinsa ba su da takardar shaida.

Saboda haka idan tsohon direba ya ce Bedford ƙarfe ce, yana da gaskiya a kan motar da ya tuƙa. Amma rabin wannan ƙarfen bakaniken garinsu ne ya sa shi. Littafin da zai ba da labarin TJ bai ambaci Apapa ko garejojin Sudan ba, rabin labari ya bayar.

Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma babu laifi mutum ya so motar ƙuruciyarsa. Matsalar tana zuwa ne idan aka mayar da bege ya zama hujja. Wanda ya yarda cewa yajin aiki kaɗai ya kashe Leyland zai ɗauka cewa murƙushe ma'aikata ya isa ya raya masana'anta. Ba zai tambayi nawa ake kashewa a bincike ba, ko mota nawa ake sayarwa a shekara, ko akwai kayan gyara a inda mai saye yake, ko hanya da dokar da aka tsara motar dominsu suna nan yadda suke. Waɗannan tambayoyin ne ya kamata a yi wa Leyland da Bedford a 1965. Su ne kuma ya kamata mu yi idan aka sake ɗaga maganar farfaɗo da masana'antun harhaɗa motoci na Kaduna da Bauchi da Kano, ko kuma idan dillali ya buga bodin wata tsohuwar tirela ya ce mana, "Ji ƙarfe."